Hannun da Na Miƙa wa Malam

Yanzu idan aka gayyace ni taro, sai in ji matasa suna kiranmu masu buƙata ta musamman, suna lallaɓa kalmar kamar za ta fashe musu a baki. Ba na hana su, sun gode. Amma a garinmu, wani ƙaramin ƙauye a gefen Ƙarfi cikin ƙasar Malumfashi, mai shanyayyen hannu ake ce mini, kuma a gabana ake faɗa. Shan inna ya kama ni ban daɗe da barin nono ba, bayan wani zazzaɓi da aka ce har an fid da rai da ni. Da na tashi, ƙafafuna suka dawo, hannun dama bai dawo ba. Ya tsaya siriri, yatsun a lanƙwashe, yana lilo a gefena duk inda na nufa. An ba ni rubutu na sha, an yi mini hayaƙi, an kai ni wurin masu bori, daga ƙarshe aka ɗora ni a jaki zuwa asibiti, inda aka ce an makara. Daga nan kowa ya haƙura, aka koma noman auduga.

A wancan zamani da aiki ake auna ɗiya mace: daka, surfe, ɗaukar tulu daga rafi. Duk ayyukan hannu biyu ne. Ni kuwa ina share tsakar gida, ina tsinkar auduga da hagu har in wuce wasu masu hannu biyu, amma ba wanda ya taɓa lissafa wannan a matsayin aiki. Abin da aka fi lura da shi shi ne da hagu nake cin abinci. Hagu hannun tsarki ne, ba mai yarda a tsoma masa shi a cikin tuwo. Saboda haka ƙannena da 'ya'yan baffana suna kewaye akushi ɗaya suna faɗa a kan nama, ni ina gefe da ɗan kwanona ni kaɗai. A makarantar allo ma baki kawai nake bi. Na haddace abin da na haddace, amma alƙalami bai taɓa shiga hannuna ba, domin ba a rubuta ayar Allah da hagu.

Iya, wato mahaifiyata, ba ta taɓa cewa komai a kan wannan ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini wasa, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane. Idan tana son in kawo mata wani abu, sai ta kalli bango ta ce, “A miƙo mini ludayi.” Na daɗe ban san ko kunyar ce kawai ko har da hannun ba, kuma abin yana ci mini rai.

Akwai abu ɗaya da na gani wanda ban faɗa wa kowa ba. Wata shekara da kaka, na bi Baba kasuwar auduga, inda ake auna kayan manoma kafin manyan motoci su kwashe zuwa Funtua. Ga ƙarti suna ta kokawa da buhuna, gumi na zuba. Can a inuwa ga malamin awo a zaune bisa kujera, yana rubutu da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana korar ƙuda da shi. Na tsaya na ƙura masa ido har Baba ya daka mini tsawa. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin aikin da hannu ɗaya ya ishe shi ba sai ranar, kuma mai yin sa shi kowa ke durƙusa wa.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, aka buɗe firamare a babban ƙauyen da muke cin kasuwarsa. Hakimi ya aiko wa mai garinmu cewa a kawo yara, har da mata, kuma an yanka wa kowane gari rabonsa. Gari ya rikice. Mutane suna ganin duk ɗiyar da ta shiga boko ta tashi daga aikin gida, ta kuma lalace. Aka yi ta tura 'yan mata wurin dangi a Kafur da sunan jinya, wata ma a cikin rumbu ta wuni. Gidanmu babba ne, don haka mai gari ya ce dole mu ba da ɗiya ɗaya. Baba da baffana suka zauna a zaure suna shawara, ni kuwa ina bayan zana ina ɓare gyaɗa da haƙori. Shawarar ba ta yi tsawo ba. Na ji Baba ya ce, “A ba su waccan. Ba abin da za mu rasa.”

Maganar ta soke ni, har yau ina jin wurin. Amma ba zan ɓoye ba, a cikin zafin akwai murna. Sun zaɓe ni don suna ganin ba ni da amfani, ni kuwa malamin awon nan nake tunawa. Na ci gaba da ɓare gyaɗata, ban bari kowa ya ga fuskata ba.

Ranar ɗaukar yara, hedimasta ya kafa tebur a gindin wata darbejiya, muka yi layi. Ba wanda yake da takardar haihuwa a lokacin, saboda haka ga yadda ake gane yaro ya isa shiga makaranta: ya ɗora hannun dama bisa kansa, ya kamo kunnen hagu. In yatsu sun taɓa kunne ya isa, in ba su taɓa ba ya koma gida sai baɗi. Iyaye sun san wannan sarai, har suna koya wa yara su noƙe kafaɗa don kada hannun ya kai. Ni na girmi kusan duk wanda ke layin, na kuma fi su tsawo. Da aka zo kaina hedimasta bai ko ɗago ba, ya ce, “Kama kunne.”

Na ɗaga hagu na zagaya da shi bisa kaina, na kama kunnen dama har na ja shi.

“Dama aka ce,” in ji shi. Sai ya ɗago, ya ga abin da ke lilo a gefena. Ya ajiye alƙalami ya dubi mai gari. “Ranka ya daɗe, wannan ba ta isa ba. A kawo wata.”

Wasu suka yi dariya, ganin doguwar yarinya an ce ba ta isa ba. Mai gari bai yi dariya ba. Kowa ya san in aka mayar da ni sai an cike gurbina, kuma an riga an ɓoye sauran 'yan mata, har na gidanmu, ɗiyar da ta rage a fili a garin jikarsa ce. Nan take tsohon nan, wanda bai taɓa amsa gaisuwata da kyau ba, ya zama lauyana. Ya ce yarinya ce mai hankali, mai ladabi, kaf garin ba kamarta. Da ya ga hedimasta bai motsa ba, sai ya ce, “Malam, in shekaru kake nema, duba bakinta. Ta daɗe da yin famfara.”

Haka ake duba tunkiya a kasuwar Malumfashi, na sani, kowa ma ya sani. Na ji kunya ta rufe ni har ƙafa. Amma na matsa gaban teburin da kaina, na wangame baki iyakar yadda zai buɗu, na ƙi rufewa sai da hedimasta ya kau da kai. Ya ɗauki alƙalami yana tsaki. “To, ta zauna ta cika adadi,” ya ce. “Amma ban yi wa kowa alkawarin za ta yi karatu ba.”

Ya cika maganarsa. Malamin ajinmu wani saurayi ne daga birni, mai tsabta, kullum rigarsa a goge. Kowace safiya yakan buɗe akwati ya raba wa yara ƙananan alluna baƙaƙe da guntayen alli. In ya zo kaina sai ya tsallake. Ba ya zagina, ba ya tambayata komai. Da safe a kira suna in amsa, in an zo duba makaranta a ƙidaya ni cikin mata, shi ke nan aikina. Har ma yana ganin tausayina yake ji, don ya ɗauke mini shara da ɗebo ruwa. Na zauna a bencin baya tun sanyi har zafi ya wuce, ina kallon yaran da ba sa son karatu ana ɗura musu shi da bulala, ni mai so ko kallona ba a yi.

Daga baya, da na girma na shiga aikin koyarwa, na ji cewa a shekarun nan akwai makarantar makafi ta 'yan mishan a wani wuri mai nisa, akwai ta kurame can kudu. Mu a karkararmu ko labarinsu bai iso ba. Makaho ya tuƙa igiya ko ya bi 'yan uwansa bara, gurgu ya zauna a bakin kasuwa, kurma ya yi kiwo. Irina kuwa, da ba makauniya ba ce ba kurma ba, ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin me za a yi da mu. Ba doka, ba ofishin da za a kai kuka. Haƙƙin da ake ta rubutawa a takardu yanzu, a lokacin in kana so sai ka miƙa hannu ka ɗauka.

Da damina ta sauka, rabin ajin ya watse. Iyaye suka janye 'ya'yansu zuwa noma, alluna suka yi kwantai a cikin akwati. Wata safiya Malam ya gama rabo ya juya yana rubutu a babban allo. Na tashi, na taka har gaban aji, na ɗauki allo ɗaya da guntun alli, na koma mazaunina. Allon ya yi ta zamewa a cinyata saboda ba hannun da zai riƙe shi. Sai na ɗauko shanyayyen na ɗora a gefensa, nauyinsa ya danne shi daram. Na fara kwaikwayon abin da ke babban allo. Sai Malam ya juyo.

“Ke, wa ya ba ki allo?”

“Ba wanda ya ba ni, Malam. Na ga mai shi yana gona.”

“Ba a rubutu da hagu a ajina. Dama ce hannun makaranta.”

“To da wanne zan yi, Malam?”

“Ba ni na shanye miki hannu ba,” ya ce. “Kawo hannu.”

Na miƙa masa hagu, don shi kaɗai ke miƙuwa. Ya zuba mini tsumagiya a tafi, ya karɓe allon. Washegari na sake ɗauka, ya sake duka. Haka muka yi ta yi har tafin ya kumbura, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Wata yamma aka ajiye mini tuwon dawa da miyar kuka, na kasa yanko loma. Na zauna ina kallon kwanon, yunwa na cina, ga mutanen gida duk a tsakar gida.

Baba ya leƙo daga zaure ya ga hannun. Ransa ya ɓaci, amma a kaina. “Zama aka kai ki yi, ba karatu ba,” ya ce. “Ki zauna musu su ƙirga ki, ki dawo gida. Mi ya kai ki taɓa kayan hukuma?”

Sai na ga Iya ta tashi daga bakin murhu, ta wanke hannu, ta zo ta zauna a gabana, gwiwarta na taɓa tawa. Ta jawo kwanon, ta yanko loma, ta dangwali miya, ta sa mini a baki. Matar baffana ta ce, “Ikon Allah, yau kunya ta tafi kasuwa.” Iya ba ta kula ta ba. Ta ci gaba da ba ni, idonta a kan bango kamar kullum. Da tuwon ya kusa ƙarewa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

“Hannu ɗaya gare ki. In suka lalata shi, shi ke nan.”

“In bari ke nan, Iya?”

“Ban ce ki bari ba. Na ce kar ki ƙara ba su wannan hannun.”

Ta tashi ta koma bakin murhu. Ranar na san ba hannun ne ya sa take kau da kai daga gare ni ba.

Na jira kumburin ya sace. Ranar da yatsuna suka iya riƙe alli, na je na ɗauki allo kamar yadda na saba. Malam ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in kawo hannu. Na miƙe. Na sa hagu na kamo shanyayyen daga wuyan hannu, na ɗago shi, na shimfiɗa masa shi a gabansa, ɗan tafin nan da bai fi na ɗan yaye ba.

“Wannan fa?”

“Shi ne na dama, Malam. Kai ka ce shi ne hannun makaranta.”

Malam ya ƙura wa tafin ido. Da mu biyu ne kaɗai, ina jin da ya juya ya tafi. Amma yara suna kallo, shi kuma saurayi ne mai jin kansa, ba ya son a ce ɗiyar ƙauye ta kayar da shi. Ya ɗaga tsumagiya ya sauke.

Mutane suna zaton shanyayyen hannu ba ya jin zafi. Ƙarya ne. Motsi ne ba ya yi, amma yana ji, har ya fi mai lafiya ji, don ba tsokar da za ta tare. Zafin ya bi ƙashi ya hau mini har wuya. Na cije leɓe, na mayar da hannun gefena, na zauna. Ya manta bai karɓe allon ba, ko kuwa ya kasa. Na ɗauki alli da hagu, lafiyarsa ƙalau, na ci gaba daga inda na tsaya.

Daga ranar muka shiga wani irin ciniki ni da shi. Hagu ya yi rubutu, dama ya sha bulala. Wadda ke zama kusa da ni ɗiyar wani Bayarabe ce mai teburin kayan koli a kasuwa, haifaffiyar Funtua, Hausarta ta fi tamu daɗi. Takan karkato mini allonta in ga inda aka kai, wani lokaci ta sato mini man zafi daga teburin babanta. “Ke kam kin fi jaki taurin kai,” takan ce tana shafa mini. Ni kuwa yabo na ɗauke shi.

Malam ya kai ƙarata wurin hedimasta, ya ce a kore ni don ina ɓata masa aji. Hedimasta ya aika wa mai gari, mai gari ya zo da kansa a kan ƙafa yana ba da haƙuri, don jikarsa na nan dai a gida. A nan na gane abin da ya ƙara mini ƙarfi: ba za su iya korata ba. Sun sa ni a makaranta don in cika musu adadi, adadin nan kuma shi ya ɗaure musu hannu. Tun daga ranar na daina sunkuyar da kai in ana dukana. Ina kallon cikin idonsa.

Kallon ne ya sa na lura da wani abu. A babban allo da dama yake rubutu, a hankali, kamar mai jan kaya. Amma in ya ɗauki tsumagiya, ko ya jefi akuyar da ta leƙo aji, da hagu yake yi. Wata rana yana ɗaga hannu na ce, “Malam, kai ma da hagu kake duka.” Fuskarsa ta canza. Ranar na sha wadda ta fi ta kullum. Na fahimci shi ma bahago aka haife shi, wani ya karya shi da bulala tun yana ƙarami, shi ya sa ya kasa jure ganin wadda ta ƙi karyuwa. Wannan bai sa na tausaya masa ba a lokacin. Na tsane shi, kuma na daɗe ban yafe masa ba.

Duka ya yi ta raguwa ba tare da kowa ya ce komai ba. Wata rana ya yi, wata rana ya yi kamar bai gan ni ba. Amma wannan bai ishe ni ba, don ba rashin duka na zo nema ba. Duk rubutun da nake yi, bai taɓa duba allona ba. Yakan bi layi yana duba na kowa, ya yaba wa wannan, ya ja kunnen wancan, in ya zo kaina ya wuce. Ina cika allo in goge, ban san ko daidai nake yi ko shirme ba. Wannan ya fi bulalar ci mini rai.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da abin ya faru. Ya ba mu lissafi a babban allo, ya biyo layi da tsumagiyarsa a hammata. Da ya iso kaina ya tsaya. Na ajiye alli, na fara kamo shanyayyen don in miƙa masa.

“Bar shi,” ya ce.

Ya sunkuya ya ɗauki allon. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zaro alli daga aljihu, ya yi wa na farko alamar daidai, ya yi wa na biyu. A kan na uku ya ja wani ƙaton kuros, alamar kuskure.

“Takwas da biyar nawa?”

“Sha biyu, Malam.”

“Ba haka ba ne. Garaje gare ki, ba kya tsayawa ki duba. Je ki ɗebo tsakuwa ki sake ƙirgawa, ki kawo mini in gani.”

Ya dangwarar mini da allon a cinya, ya wuce wurin na gaba yana yi masa faɗa da irin muryar da ya yi mini.

Duk dukan da na sha daminar nan, ban taɓa yarda ya ga hawayena ba. Amma da na fita bakin aji na durƙusa ina tsintar tsakuwa, sai kuka ya ƙwace mini, irin mai sa kafaɗu rawa, na kasa tsayar da shi. Na dawo da tsakuwata a bakin zane, na zube su a kan benci, na share fuska da kafaɗa. Na ware takwas, na ware biyar, na haɗa su na ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Sha uku ne. Na goge, na gyara, na tashi na bi layin masu kai wa Malam aiki.